Kaska ta ƙi barin gidanmu, don Allah a taimaka da shawara

Salam jama'a, kaska ce ta addabe mu a gida wallahi abin ya ishe ni. Kare muke da shi, mun yi masa wanka da maganin da likitan dabbobi ya bayar, mun sare ciyawar tsakar gida mun fesa magani, sai a ɗan samu sauƙi kuma su dawo kamar ba a yi komai ba, har hawa bango suke yi suna shiga tsaga. Na karanta cewa kaskar kare tana iya rayuwa ta hayayyafa a cikin ɗaki, mace ɗaya ta kan saka ƙwai dubbai, to ta yaya ake kai wa ga ƙwan nan?

Abin da ya fi tayar min da hankali yara ne. Jiya na cire wa ƙaramar ɗiyata ɗaya a bayan kunne, da hantsaki na kama ta daf da fata na ja a hankali, ban ɗiga mata mai ba ban ƙona ta ba, na wanke wurin da sabulu. Wurin ya ɗan yi ja amma babu zazzaɓi. In kai ta asibiti yanzu ko in sa ido tukunna in ga ko zazzaɓi ko ƙurji zai fito? Kwana nawa ake sa idon?

Sannan muna da kyanwa, ita kuma permethrin guba ne gare ta, to me zan fesa a ɗakuna da ba zai cutar da ita da yaran ba?