Baƙin tabon diddigen Baba ashe melanoma ne, me ya hana likita yankewa?

Autar Malam:
Assalamu alaikum. Masu sani ku taimaka mini. Mahaifinmu manomi ne, shekararsa 67. Tun bara wani baƙin tabo ya fito masa a diddige, muka ɗauka kaushi ne ko wurin da ƙaya ta soke shi. Wanzami ma ya ƙanƙare, ya dawo ya fi da girma, har yana tsattsafo da jini. Da kaluluwa ta fito masa a matsematsi sai muka kai shi asibitin koyarwa. Aka yanki tsoka aka gwada, aka ce melanoma ne, ciwon dajin fata. Na zaci washegari za a shiga tiyata, sai ga takardu: hoton CT na ƙirji da ciki, gwajin jini na LDH, da wani wai BRAF. Yayanmu ya ce cin kuɗi ne kawai. Haka ne?

Likitan Unguwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ki ba Yaya haƙuri, ba cin kuɗi ba ne. Kaluluwar nan ce ta canja lissafi. Za a fara tabbatarwa ko ciwon ne ya kai can, domin gyambo ma yakan jawo ta. In ciwon ne ya kai kaluluwar kuma a nan ya tsaya, mataki na 3 ke nan, ana iya cire tabon da kaluluwar a bi da magani. In hoto ya nuna ya kai huhu ko hanta, an shiga mataki na 4, yanka ba zai tsayar da shi ba, sai dai a wahalar da dattijo a banza. LDH kuma in ya hau, alama ce ciwon ya yi nauyi a jiki.

BRAF sunan wata ƙwayar halitta ne, gwajin yana neman wani sauyi ne a cikinta a jikin ciwon. In an same shi, akwai magungunan sha, dabrafenib da trametinib. Kusan rabin melanoma na Turawa suna da shi, amma irin na tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, wanda ya fi kama mu baƙar fata, ba kasafai ba. In babu, sai magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, pembrolizumab ko nivolumab. Tsadarsu ba ta wasa ba ce, ku tambayi kuɗin tun yanzu kafin a sayar da gona.

Ɗan Kwari:
Irin wannan melanoma ne ya kashe mawaƙi Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga yatsan ƙafa ya fara, aka ɗauka raunin ƙwallo ne. Baiwar Allah, ki adana lambar da asibiti ya ba tsokar da aka yanka. Da wannan tsokar ake yin gwajin BRAF, ba sai an sake yankar Baba ba. Mu a kan Innarmu sai da muka yi sati biyu muna neman takardar.

Autar Malam:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya, ya yi shiru. Ranar Talata za a yi hoton. Shi Baba ba abin da yake tambaya sai wa zai yanke masa gero.