Ina son aikin hana tsattsauran ra'ayi a ƙungiyoyin duniya, Baba ya ce konkur ko shago

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na gama lisans a nazarin zamantakewa a jami'ar André Salifou nan Damagaram. Abin nan tun ina koleji yake cina. Ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa bayan sallar Juma'a saboda zanen Charlie Hebdo, ina tsaye a bakin zaurenmu abokin wasana ya wuce da jarkar fetur, ido jawur, ko kallona bai yi ba. Yaron da muke wanke allo tare, mu sha kunu a ƙwarya ɗaya. Bayan shekara biyu ya ce zai tafi Diffa harkar tattasai, har yau shiru. Uwarsa in ta gan ni sai ta ce ko ya bugo mini. Shi ya sa na yi binciken kammala karatuna a kan 'yan pale, wato gungun samarin unguwar Kara-Kara, wata huɗu ina zama da su a fada, wurin hirarsu, ana dafa shayi. Burina in yi aiki a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da ta'addanci da aka kafa a New York a 2017, ko Hedayah, cibiyar hana tsattsauran ra'ayi ta Abu Dhabi. Baba ya ce in yi konkur, wato jarrabawar shiga aikin jandarma, ko in zauna masa a shago a kasuwar Dole. Wata ƙungiya kuma ta ba ni estaj, wato koyon aiki, na wata shida ba albashi, ranar Litinin zan ba su amsa. Don Allah me zan yi?

Tsohon ɗan furoje:
Ƙanena, shekara 11 na yi a wannan harka ta furoje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, saurare ni. Ka zo kasuwa ta watse. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Faransa sun tafi a Disamba, an sallami EUCAP Sahel, tawagar Tarayyar Turai mai horar da jami'an tsaro, Amurkawa sun bar sansanin Agadas a 2024, a 2025 aka rushe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka. Su wa kake tsammani ke zuba kuɗin irin wannan aiki? Sannan ka haɗa hanya biyu. Yaƙi da ta'addanci na soja ne da 'yan sanda da alƙalai da masu bin sawun kuɗi. Rigakafi kuwa shi ne sasanta makiyaya da manoma, koya wa matasa sana'a, mayar da tubabbu cikin jama'a kamar yadda aka yi a cibiyar Gudumariya. Wanne kake so? Kuma kada ka ɗauka zaman fada ne. Rabin ranarka takardar sa hannun mahalarta ce da rasit da rahoto. New York da wuya su duba mai lisans kaɗai. Sai mai masta, Ingilishi mai kyau, da shekarun aiki a fili. Yaya Ingilishinka?

Hajiya ta Garin Malam:
Ni dai na gaji da su. Sau uku aka kira matan unguwarmu taro a otel, a ɗauke mu hoto, a ba mu jika biyar kuɗin mota. Aka ce za a kawo kekunan ɗinki, yau shekara huɗu. Ɗana yana nan yana kabu-kabu da babur ɗin haya. Yaro, bi maganar mahaifinka.

Malamin lise:
Ban yarda kasuwa ta watse ba, matsalar ce ba ta watse ba ai. Ka karanta binciken da hukumar raya ƙasashe ta PNUD ta fitar a 2017, wanda aka zanta da waɗanda suka taɓa shiga ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ƙarasa tura su wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Binciken ya kuma nuna wanda ya daɗe a karatun addini ya fi wuyar ruɗuwa. Amma kullum tsangaya ake ɗora wa laifi, har wani baƙo ya taɓa ce mini mu ne tushen fitina, a gaban ɗalibaina! Ka karɓi estaj ɗin. Wanda ya iya zama da 'yan pale yana da abin da mai digiri daga Faris ba shi da shi.

Tsohon ɗan furoje:
Malam, bincike ba ya biyan kuɗin haya. Ni da aka rufe namu furojen, wata uku na albashina suka bi ruwa, shugaban ya koma ƙasarsu ko sallama babu. Estaj kyauta bauta ce. In dole sai wannan fanni, ya shiga ta ƙofar gwamnati: HACP, hukumar ƙarfafa zaman lafiya, ko cibiyar nazarin tsaro ta CNESS a Yamai. Konkur ɗin da Alhaji ya faɗa ma hanya ce. Na faɗa muku, nan da shekara biyu za ku tuna maganata.

Mai tambaya:
Na gode yaya, amma ni ba kuɗi nake nema ba. Kaki kuwa ba zan sa ba, ranar da na sa shi yaran Kara-Kara sun daina gaya mini gaskiya. Kuma ƙungiyar nan ba irin wadda Hajiya ta faɗa ba ce, na san mutanen.

Ɗan Zango:
Ka san su, to wa ke ba su kuɗi? Takardarsu ta izini na nan da rai? A Nuwamban 2024 gwamnati ta janye izinin ƙungiyar agaji ta ACTED, a Fabrairun 2025 aka ce ƙungiyar agaji ta Red Cross, wato CICR, ta bar ƙasar. Ka bincika kafin Litinin. Sannan ka rage yawan bayani a nan, wannan ba maganar da ake yi da ƙarfi ba ce yanzu.

Tsohon ɗan furoje:
Ba kuɗi kake nema ba saboda tuwon gidan Alhaji kake ci. Har yanzu ba ka amsa mini ba, yaya Ingilishinka?

Mai tambaya:
Ana koyonsa ai, yaya. Akwai waɗanda suka kai can daga ƙauyen da ko lantarki babu. Wanda ya san inda ake masta a wannan fanni da tallafin karatu, don Allah ya taimaka.

Hajiya ta Garin Malam:
In ka shiga wurinsu ka tambayar mana labarin kekunanmu.