Ɗana ya daina tashi Asuba, wa ya taɓa ganin irin haka?

Uwar Abba, Pantami: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 16. A da shi ke tashin mu Asuba, har babansa na ce masa ladanin gida. Tun da sakamakon JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ya fito bai sami makin da ya sa rai ba, ya shige ɗaki. Salla sai an yi da gaske, abinci sai tsakura. Babansa ya ce lalaci ne, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Wani uba, Bolari: Hajiya, don Allah kada a dake shi. Ni na yi wa nawa bulala a kan Asuba, ya riƙa tashi yana dungura goshi don tsorona, cikinsa kuwa fal damuwa. Ashe abokai sun fara ba shi tiramol. Sai da kawunsa ya riƙa jan sa masallaci Magariba, su zauna hira har Isha'i, sannan ya buɗe baki. Har yau bulalar nan na ci mini rai.

Ɗaliba, Tudun Wada: Mama, ni ma na shiga wannan hali ina aji biyar na sakandare, bayan rasuwar yayata. Ba ƙin salla nake yi ba, jikina ne ya yi nauyi, kuma ina jin kunyar Allah. Kakata ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Takan shimfiɗa darduma biyu ta ce, "Zo ki taya ni." A sujada na fara yin kukan da na kasa yi a gaban mutane, daga nan barci ya dawo mini.

Malamin Islamiyya, Jekadafari: Annabi (SAW) yakan ce wa Bilal ya tayar da salla a hutar da su da ita. Hutu ce, mu ne muke isar da ita ga yara da tsawa.

Ma'aikaciyar jinya, Herwagana: Yaya, in ya wuce mako biyu a haka, ko ya fara cewa gara ya mutu, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a ga likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa ciwo ne, ba raunin imani ba. A haɗa magani da addu'a.

Uwar Abba: Na gode, Allah ya saka. Yau kwana 19 ke nan. Na nuna wa babansa, ya yi shiru, ya ce gobe shi zai kai shi da kansa.