Kano zuwa Gwanzo: ya kuka ji da hanyar?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana zai tura ni Gwanzo (birnin Guangzhou na ƙasar Chaina) sayen yadi, karo na farko ke nan, kuma iyakar nisana a jirgi Jidda ne. Na duba taswira, tsakanin Kano da can kusan kilomita 11,000. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ya jikin mutum yake kaiwa?

Alhajin Fagge: Wa alaikumus salam, ɗana. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano ya dire ka can kai tsaye, dole ka yada zango. Ni ta Adis Ababa nake bi: wajen awa biyar zuwa Habasha, sannan kusan awa goma zuwa filin Baiyun na Gwanzo. Da zaman jira, ka ƙaddara kwana guda cur. Ka riƙe rigar sanyi a jakar hannu. Adis a kan tudu take, sama da mita 2,300. Zuwana na farko da kaftani mara nauyi na sauka, haƙorana har kaɗawa suke.

Maman Ummi: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ni ba zaman ne ya wahalar da ni ba, agogo ne. Chaina ta riga mu da awa bakwai. Kwana uku ina gyangyaɗi a shagunan unguwar Xiaobei da rana tsaka, dare ya yi kuma ido ƙyam. Kada ka yi ciniki mai nauyi ranar da ka sauka, ƙanena, lissafi gudu yake yi wa mai jin barci. Ƙafafuna ma sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ka riƙa tashi kana takawa, ka sha ruwa sosai.

Malam na Zinder: Abin da ya fi tsaya mini a rai salla ce. Da yake gabas kake nufa, rana sauri take yi: na yi asuba a kujera, kafin in farga azahar ta kawo kai. Na yi ƙasaru na haɗa. Sai ga wani abu da ban zata ba, a masauki na shimfiɗa darduma na kalli gabas yadda na saba tun ina yaro. Wani ɗan Mali ya dafa ni ya juya ni yamma. Ashe na wuce Makka da nisa, ta koma bayana. Wallahi a nan ne na san na yi nisa da gida, har ƙwalla ta zo mini.

Alhajin Fagge: Allahu akbar, Malam. Dawowa kuma ta fi tsawo, don iskar sama daga yamma take kaɗawa, jirgi gaba da gaba yake yi da ita.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wace kujera kike ganin in nema?

Maman Ummi: Ta bakin hanya. Ka bar wa yara taga.