Wane suna za mu raɗa wa zigurat da Hausa?

Jama'a, ku zo mu samo wa zigurat suna. Shi ne ginin nan mai hawa-hawa na mutanen dā a ƙasar Iraƙi da kewayenta, wanda ake ɗora ɗakin gunki a ƙololuwarsa. Asalin kalmar daga harshen Akkad take, wani tsohon harshe na yankin, tushenta na nufin ɗaga gini sama.

Wasu suna rubuta "hasumiya". Ni dai ban gamsu ba. Hasumiya doguwa ce siririya, kuma ana shiga cikinta. Zigurat kuwa curin tubali ne, galibi cikinsa a toshe, ta matakalar waje ake hawa. Ku dubi na birnin Ur, kusa da Nasiriyya ta yau, wanda Sarki Ur-Nammu ya gina wa Nanna, gunkin wata, wajen shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gindinsa kusan mita 64 ne a tsaye, 45 a kwance. Ɗanyen tubali ne a ciki, aka lulluɓe shi da ƙonanne, aka liƙe da kwalta saboda ruwa. Wa zai kira wannan hasumiya? "Bene" ma bai shiga ba, tunda babu ɗakuna.

"Dakali" ya fi su kusa da tarihin abin. A tsohon birnin Eridu, idan ɗakin gunki ya tsufa, sai a cike shi a gina sabo a kansa, har wurin ya yi tudu. A birnin Uruk, tun kafin shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an riga an ɗora Farin Haikali bisa ƙaton dakali guda. Zamanin Ur-Nammu aka koma dakali kan dakali har uku, kowanne bai kai na ƙasansa faɗi ba. Etemenanki, zigurat ɗin birnin Babila, wanda aka yi wa gunki Marduk, ya kai hawa bakwai. Sai dai da ka ce dakali, wurin hirar ƙofar gida ne zai faɗo wa mai sauraro.

Saura "dala". Za a ce ai ta Masar ce, har ta Sarki Josa a Saƙƙara ma hawa shida gare ta. Haka ne, amma waccan kabari ce, ba a hawa kanta a yi yanka ko addu'a. Kuma Bahaushe bai taƙaita dala ga kabari ba: buhunan gyaɗar Kano da aka jibga, gindi da faɗi sama a tsuke, dala muka ce musu. Abin da ya rage shi ne kalmar da za ta rarrabe.

"Dalar bauta" ta zo kusa, amma tana da tarko biyu: dala kuɗin Amurka ce, bauta kuma zaman bawa. Sai wani ya ɗauka kuɗin cinikin bayi ake nufi. Don haka na tsaya a kan "dalar ibada", tunda muna cewa wurin ibada ga kowane addini. A ambaton farko a ƙara "mai hawa-hawa". Ku gwada ta a baki: "Dalar ibada ta Coga Zanbil a Iran ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1979." Wanda ya ji ta yi masa nauyi ya kawo tasa.