Abin da aka tattauna kan rigakafin manya a Jos

Jama'a, ga abin da na tsamo daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda allurar rigakafi za ta isa ga manya a Jos.

1. Kusan kowa ya yarda mun ɗauki rigakafi abin yara ne kawai, alhali manya ma na da nasu: na ciwon hanta nau'in B allura uku, na zazzaɓin shawara sau ɗaya, sai na tetanus ga mata masu haihuwa.

2. An ce ba kowa ke iya zuwa asibiti ba. Wanda ke unguwar Gangare ba lallai ya tsallaka wata unguwa ba tun rikicin Jos na 2001, Bafulatani a ruga kuma sanarwa ba ta isa gare shi. Don haka a kai allurar masallaci, coci da kasuwar Taminus, a yi bayani da Hausa, Birom da Fulatanci, ta bakin limamai, fastoci, masu unguwanni da ardo-ardo. Wannan ni ma shi ya fi kwanta mini.

3. Inda aka rabu: wasu na so a ba masu shela alawus, wasu suka ce kuɗi zai sa a yi zargi. Masu tuna gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 sun nace a fara amsa tambayoyin mutane kafin a buɗe kwalba.