Wace kalma za mu ba "crossing over" da Hausa?

Malamar bayoloji: Assalamu alaikum. Mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshin zaren DNA mai ɗauke da bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. A farkon mayosis, wato rabuwar da ke samar da ƙwai da maniyyi, kowane kuromosom na uwa yakan jeru da ɗan'uwansa na uba. Wani furotin mai suna Spo11 ya datse zaren DNA, wajen gyaran sai a haɗa guntun wannan da na wancan. Wannan shi ne "crossing over". Wasu suna rubuta "tsallakawa". Me kuka gani?

Mai binciken irin shuka: Wa alaikumus salam, Malama. Tsallakawa ba ta yi ba, domin mai tsallakawa yakan bar gurbinsa fayau. Nan kuwa abin da ya tafi shi ne daidai abin da ya dawo. Haka Harriet Creighton da Barbara McClintock suka nuna a masara a 1931: guntaye ne na zahiri ke sauya wuri. Ni dai "musaya" nake gani.

Likita: Musaya kaɗai za ta ruɗa ɗalibi, Malam. Kuromosom na 9 da na 22 ma sukan yi musayar guntaye, kuma wannan ne ke haddasa wani nau'in sankarar jini. A ce "musayar takwarori" ga ta lafiya, tunda na 9 na uwa takwaran na 9 na uba ne. Waccan kuma "musayar bare".

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, me zai hana a ce tagwaye?

Likita: A bar tagwaye ga kwafi biyun da kowane kuromosom ke yi wa kansa kafin rabuwa. Su iri ɗaya ne sak, ko sun yi musaya ba wani sabon haɗi da zai fito.

Ɗalibi: To "gauraya" fa, ta ɗauke duka?

Mai binciken irin shuka: A'a. Gauraya tana sa a zaci gadon narkewa yake yi, alhali tun 1866 Mendel ya nuna ƙwayoyin gado suna wucewa ne ɗai-ɗai. Kuma hanyoyin da gadon ke haɗuwa daban-daban ne. Wane takwara zai faɗa wane ƙwai, sa'a ce, a kowane ɗaya daga cikin 23 ɗin. Wannan kaɗai yana ba da haɗi 8,388,608. In na uwa ya gamu da na uba, lissafin ya haura tiriliyan 70, tun ba a sa musaya a ciki ba. Duk waɗannan sake jera tsohon kaya ne. Sabon nau'in ƙwayar gado sai an sami sauyi a harufan DNA, shi kuma yana buƙatar nasa sunan.

Malamar bayoloji: Na karɓi musayar takwarori. Wurin da zaren biyu suka sarƙe, wanda masanin halitta Janssens ya bayyana a 1909, mu ce masa "gicciye", don haka yake a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa.

Likita: Gicciyen nan shi ke riƙe takwarorin har a ja su gefe da gefe. In babu ko ɗaya, duka biyun suna iya tafiya ƙwai ɗaya. Wannan yana cikin dalilan samun na 21 guda uku, wato lalurar Down. In kuma jerin ya goce, ɗaya ya sami ƙari ɗaya ya tauye, sai mu ce "karkatacciyar musaya". Ita ce sau da yawa ke kawo kasa bambance ja da kore.

Ɗalibi: X da Y fa, kuromosom ɗin jinsi na namiji? Ai ba su yi kama ba.

Malamar bayoloji: Takwarori ne a ƙarshen bakinsu kawai, a ɗan yankin da jerinsu ya zo ɗaya, kuma a nan suke musayar. Sauran jikin Y yana wucewa daga uba zuwa ɗa ba tare da ita ba.